Kuɗin Fadamar Inna Dije

Na ji abin da kuke faɗa jiya da kuka ɗauka na fita alwala. Wai haɗa takardun rancen gida ba aiki ba ne, mutum ya je banki ya ciro takardar shige da ficen asusunsa, a buga kwafi, a zura a fayil, a miƙa hannu a karɓi lada. To madalla da ku. Da haka abin yake, da ban yi furfura a kan teburin nan na Makarfi ba, da kuma gwiwoyina ba su mutu a hanyoyin ƙauye ba. Tunda yau babu wuta, injin kwafi ya samu hutu, ku kife wayoyin nan ku saurara.

Fayil na farko da aka taɓa damƙa mini na wata ma'aikaciyar asibiti ce daga Kudan. Lokacin ina koyo a hannun Baba Bulus, mutumin Kudancin Kaduna, wanda ya riƙe ofishin ƙungiyar gama kai ta ma'aikata har ganinsa ya yi rauni. Ya turo mini takardun da rula da jan biro, ya ce in ɗora rular in bi layi bayan layi, duk kuɗin da ya shigo wanda ba albashi ba in ja masa ja, sannan in tashi in je in tambayi mai asusun daga ina ya fito. Na je na dawo ina murna, na ce ta ce kyauta ce daga ɗan'uwanta. Ya cire tabarau ya dube ni, ya tambaye ni wane ɗan'uwan, me ya sayar ya samu kuɗin, kuma in an kira shi zai yarda ya sa hannu cewa ba zai dawo yana nema ba? Ya ce in koma. Sai da na san kowane rami na hanyar Kudan kafin fayil ɗin nan ya wuce. Baba Bulus ba ya faɗa, ba ya zagi, sai dai ya ce ki koma, kuma wallahi gara zagin.

Kayan aikinmu ga su nan kuna gani, ba su cika jaka ba. Rula, jan biro, kwalin tawada na dangwala yatsa, da ɗan man kaɗanya a gwangwani. Kun sha yi mini dariya a kan man nan. Ku jira ranar da za a kawo muku manomin da fartanya ta cinye zanen babban yatsansa, ku dangwala ku ga baƙin tabo kawai, banki ya dawo muku da takarda. Sai an jiƙa yatsan, an shafa mai kaɗan, an goge, an ɗan jira, sannan zanen yake fitowa. Amma babban kayan aiki takalmi ne. Wanda ba zai iya zuwa gidan mutane ya zauna a tabarmarsu ba, ya nemi wata sana'ar tun da wuri.

Abin da banki yake so ya gani ba shi da wuyar faɗa. Ko banki mai karɓar kuɗin ruwa ne, ko wanda ba ya karɓar ruwa, wanda zai sayi gidan ya sayar maka ka riƙa biya a hankali, duk sai ka fara ajiye naka kason, wato kafin alƙalami. Suna kuma so su tabbata kai mai iya tari ne wata bayan wata, kuɗin da ka kawo ba bashi ka ciwo ka yi masa kwalliya ba. To a nan gizo ke saƙar. Mutanenmu suna tari, kada wani ya ce muku ba sa yi, sai dai ba a banki ba. Ranar albashi kafin la'asar an share asusu tas a wurin mai POS, a zuba adashi, a sayi masara da kaka a jibge a ɗaki, a ɗaure rago a tsakar gida. Mutum yana da rufin asirinsa, takardarsa kuwa tana cewa ba shi da ko sisi. Banki ba ya ƙirga buhu, kuma ba ya jin wallahi tallahi.

Wani manomin tumatir daga Likoro ya taɓa shigo mini da kuɗi a buhun taki, ya zazzage a kan teburin nan, ya ce ga kafin alƙalami, a ba shi gida. Guminsa ne, ban yi shakka ba. Amma da na ce sai ya zuba a asusu, ya kawo shaidar cinikin kwandunansa, ya kuma jira watanni takarda ta yi tarihi, sai ya ce na raina shi, ya kwashe abinsa ya fita ko sallama babu. Da ya waiwayo ni daga baya, kuɗin sun narke a taki da hidimar dangi. Rabin aikin nan ba wa mutum haƙuri ne a kan kuɗinsa na halal.

Malam Shu'aibu shi mai haƙuri ne. Malamin firamare ne a Ikara, mai sanyin magana, yana haya a wani ɗan madaidaicin gida tun aurensa, duk 'ya'yansa a nan aka yanke musu cibi. Mai gidan ya tashi sayarwa, ya fara yi masa tayi saboda zaman amana. Na ɗora rula a kan takardarsa ban samu abin ja ba, don babu abin da yake kwana a ciki. Na tambaye shi ina tarin, ya lissafa mini adashin malamai da buhunan masara da waken soya. Na ce to daga yau ta asusu za a riƙa tura adashi, uwar adashi ta rubuta mana shaida. In ya sayar da hatsi ya karɓi rasit a hannun dillali, ya zuba kuɗin a ranar. Kowane wata kuma ya bar wani abu ya kwana, ko da kuwa miyar kuka tsura ake sha a gidan. Ya bi, bawan Allah, bai taɓa saɓawa ba. Kusan shekara muna wannan, takardarsa ta yi kyau gwanin sha'awa.

Sai muguwar shekarar ta faɗo mana, shekarar da farashin komai ya haukace. Ku lokacin kuna makaranta, iyayenku ne suka ji a jikinsu. Siminti ya tashi, kwano ya tashi, masu gidaje suka farka suka ga kuɗin da suka yanka bara ko harsashi ba zai gina ba yau, suka janye maganarsu. Mutumin da ya shekara yana matse bakin aljihu ya tara kasonsa cif, sai ya wayi gari kason ya koma rabi. Durowar nan ta ƙasa cike take da fayil-fayil ɗin da suka mutu a wannan shekarar, har yau ban iya zubar da su ba. Na sayar da injina na biyu, kuɗin shago ma da ƙyar nake haɗawa. Da wuya ta yi wuya, wasu suka riƙa cin bashi a hannun 'yan kasuwa su kira shi kyauta, a rubuta takarda a samu wani kawu ya sa hannu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, bankuna suka gano, suka tsuke. Daga nan bankin da muke hulɗa da shi ya ce duk kyautar da ta shiga kafin alƙalami, sai mai bayarwa ya je kotu da ƙafarsa ya yi rantsuwa, a kuma nuna inda kuɗin suka fito.

Mai gidan Malam Shu'aibu shi ma ya ƙara kuɗi, ban kuma ga laifinsa ba, shi ma a kasuwar nan yake cefane. Ya ba shi zuwa babbar salla, ya ce bayan nan akwai wani ɗan kasuwa da kuɗinsa a hannu, shi kuwa rushewa zai yi ya gina shaguna. Abin da Malam ya tara bai kai sabon kason ba, giɓin kuma ba na wasa ba ne. Na ce masa ya dage da addu'a, don ni dabarata ta ƙare.

Wata safiya sai ga shi da sabuwar takarda, fuskarsa a sake. Na ɗora rula na gangara, sai ga kuɗi dunƙule guda sun faɗo, sun cike giɓin har da 'yar rara, sunan mai turowa kuma na wani mai POS ne a kasuwar Ikara. Irin wannan shi ne abin da banki ya fi tsana, kuɗi mai yawa, farat ɗaya, ba uwa ba uba. Na tambaye shi na wane ne. Ya sunkuyar da kai ya ce Kawu Sale ne, ƙanen mahaifiyarsa, ya zo da su a leda ya tura, abin da ya ce masa kawai shi ne an ce a ba shi. Amma duk ƙauyensu Saulawa an san mahaifiyar tasa, Inna Dije, ta sayar da fadamarta ta rake, wadda ta gada a wurin mahaifinta.

Na ce alhamdu lillahi, abu ya zo da sauƙi, ya je ya ɗauko ta mu tafi kotu. Sai ya ce shi ɗan fari ne.

Ku 'yan zamani da kuke kiran uwayenku a waya kuna hira kamar ƙawaye, ba za ku gane nauyin wannan maganar ba. A gidajen da suka riƙe alkunya, irin nasu Inna Dije masu jinin Fulani, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ya tashi yana kiran uwar tasa Adda kamar wata yayarsa. In ya je gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri. In dole ta kama ta yi zancensa, sai ta ce mutumin Ikara. Malam ya haura arba'in, ya ce bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, ko godiyar kuɗin nan ma ba shi da fuskar yi mata, sai dai ya aika matarsa. Wannan matar ce za a tsayar a gaban baƙon namiji ta ce ga wanda na ba, ga abin da yake a gare ni.

Kawu Sale ya zo shagon nan washegari, ya zauna a bencin da kuke kai, ya ce a sauƙaƙa, a rubuta shi ne ya bayar, ai duk ɗaya ne, shi da ita ciki ɗaya suka fito. Na ce takardar cinikin fadama da mai unguwa ya sa wa hannu sunanta ke kai ba nasa ba, banki zai haɗa biyun ya ga ba su hau ba, kuma ranar da suka kama ƙarya ɗaya a fayil, shekarar da Malam ya yi yana tari ta tafi a banza. Ban da haka ma rantsuwa ce, ni ba na kai mutum ya rantse a kan abin da bai yi ba. Ya fusata, ya ce mu 'yan boko ba mu san mutunci ba, muna so mu tsiraita tsohuwa a kan takarda. Rabin maganarsa kuwa gaskiya ce.

Na hau acaɓa na tafi Saulawa da kaina, farkon damina, hanya duk caɓi. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar iri, 'yar tsohuwa siririya mai tsabta. Muka gaisa gaisuwa ta gaske, gida da gajiya da ruwa da mutanen Makarfi, na ja kujera 'yar tsugunno na sa hannu a gyaɗar. Sai da muka kusa cika ƙwarya sannan na kawo maganar a kaikaice, na ce na zo ne a kan alherin da ta yi.

"Ni ban ba kowa komai ba, 'yar nan," in ji ta. "Gona ce ta fi ƙarfina na rabu da ita."

Na bi ta a hankali. Na ce kuɗin sun isa inda aka aike su, amma masu banki sun ce ba za su lissafa da su ba sai mai su ta fito. Ta ce a rubuta Sale. Na faɗa mata abin da na faɗa wa Sale. Ta ce to a bar su nan, Allah ya san niyya. Raina ya ɓaci, ba da ita ba, da wannan aiki nawa da yake sa ni in matsa wa sa'ar uwata. Amma na ga in na yi kara kowa zai yi asara, sai na ajiye kunya gefe na faɗa mata ƙiri-ƙiri. Na ce Inna, fadama dai ta tafi, ba ta dawowa. In salla ta wuce ba a yi wannan ba, gidan ma ya tafi, za a rushe shi, a fito da kayan yara waje a cikin ruwan nan, kuma haya a Ikara yanzu albashin malami ba ya ɗaukarta.

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar. Jika ba a jin kunyarsa, sai ta tambaye ni ƙaramar 'yar Malam, takwararta, ko ta fara tafiya. Na ce har gudu take yi. Ta daɗe tana murza ƙwayar gyaɗa ɗaya a tsakanin yatsunta.

"Zan je," ta ce. "Amma kada mutumin Ikara ya kasance a wurin."

Na amsa mata wannan. Ban kuma ɓoye mata ba, na ce mai rantsarwa yana iya cewa sai ta faɗa da bakinta, dangwala yatsa kaɗai ba lallai ya wadatar ba. Sai ta sa aka damo mini fura.

Ranar da muka sa, Kawu Sale ya kawo ta Ikara da hantsi, katin shaidarta a ƙulle a haɓar zani. Malam Shu'aibu na hana shi zuwa ko kusa, na ce ya tafi makarantarsa ya koyar da 'ya'yan mutane. Mai rantsarwar dattijo ne mai natsuwa. Ya ce Kawu Sale ya jira a waje, ni in zauna a matsayin shaida. Kada ku ɗauka mugunta ce. Ya ga tsofaffi da yawa da aka sayar musu da gona aka kawo su suka dangwala ba su san me suka dangwala wa ba, shi ya sa duk wanda bai iya karatu ba sai ya ji daga bakinsa. Ya karanta mata takardar da Hausa tun daga sama har ƙasa, ta saurara kanta a sunkuye. Ya tambaye ta ko fadamar tata ce, ta ce tata ce. Ko da yardarta aka sayar, ta ce da yardarta.

"Inna, wa kika ba kuɗin?"

"Wanda aka rubuta a nan."

"Na san an rubuta. Daga bakinki nake so in ji, don kada a cuce ki."

Ana jiyo masu tallar rake a bakin titi. Ta ɗago ta dube ni, ni kuwa na juya fuskata bango, shi ne kaɗai abin da zan iya yi mata. Na ji ta ja numfashi.

"Shu'aibu," ta ce.

"Mene ne shi a gare ki?"

"Ɗana ne. Shi na fara haifa."

Ya tambaye ta ko bashi ne za a biya ta, ko tana da rabo a gidan. Ta ce halak malak ta ba shi, duniya da lahira. Na kama yatsanta zan kai kan tawada, gumi ya jiƙa mayafinta kamar wadda ta gama daka. Ta dangwala ta miƙe, ba ta tsaya an goge mata tawadar ba. Kawu Sale ya faɗa mini daga baya cewa har suka isa Saulawa ba ta buɗe baki ba, kuma ta yi kwanaki ko maƙwabta ba ta leƙa ba.

Fayil ya tafi, na bi shi da ƙafa, yau Zariya gobe Kaduna, wannan ofis ya ce a dawo, wancan ya ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ana gab da salla amincewa ta fito, aka biya mai gida, ɗan kasuwa ya nemi wani wurin. A duk fayil ɗin da na haɗa a wannan shekarar, kaɗan ne ƙwarai suka kai ga mabuɗi, nasa yana ciki.

Bayan salla Malam Shu'aibu ya zo ya kawo mini ladana da ƙullin soyayyen nama. Muka gaisa, na yi masa barka, na ja masa kunne a kan biyan wata-wata, kada ya kuskura ya makara. Ya ce to. Ya miƙe zai tafi, ya kai bakin ƙofa, sai ya dawo ya zauna. Ya cire hula ya riƙe ta a hannu yana jujjuyawa.

"Hajiya, ranar nan a kotu, da bakinta ta faɗa?"

Na ce da bakinta.

"Yaya ta faɗe shi?"

Tausayinsa ya kama ni. Mutum da furfura a gemu, uban 'ya'ya, mai gidan kansa, yana tambayar bare yadda sunansa yake a bakin uwarsa. Na ce masa a hankali ta faɗa, ba ta yi in'ina ba, ba ta tsaya lalube ba, ya fito mata sumul kamar sunan da ake faɗa kullum in babu kowa a kusa.

Sannan ya ce, don Allah, in ƙara faɗa masa tun daga farko, kada in tsallake komai. Na tura fayil ɗin da ke gabana gefe, na fara.